Yatsun da Suka Nutse a Cikin Dutse

A shekarata ta uku a sashen zane-zane, wata rana malamarmu ta tarihin fasaha ta kashe fitilun aji, ta haska mana hoto ɗaya da majigi. Hannun namiji ne ya damƙi cinyar mace, yatsunsa sun nutse har tsokar ta lotsa. Wani daga bayan aji ya rantse cewa jikin mutum ne aka ɗauka. Malama ta ce dutsen marmara ne, kuma wanda ya sassaƙa shi, Bernini, shekarunsa 23 kacal lokacin da ya gama a 1622. Har yau yana nan a gidan tarihi na Borghese a birnin Rum.

Labarin da sassaƙar ke nunawa na Girkawan dauri ne da abubuwan bautarsu. Farsifoni, 'yar Dimita mai kula da amfanin gona, tana tsinkar furanni da ƙawayenta sai ƙasa ta tsage, sarkin matattu ya fito a karusa ya sure ta. Rumawa, da suka ari labarin, Fuluto suke kiransa.

Aka ba mu jinga a kan sassaƙar. Na cika shafi biyar da yabon gwaninta: yadda jikin biyun ya murɗe, jijiyoyin hannu, karen nan mai kai uku da ke zaune a gindinsu yana tallafe nauyin dutsen. Da takardar ta dawo, babu maki, sai kalmomi biyu da jan biro a ƙasa: "Ina uwar?"

Na bi ta ofis, raina a ɓace. Na ce, "Malama, ai babu uwa a jikin dutsen." Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "To, ai shi na tambaye ka. Wa ya cire ta?"

Wannan ce ta tura ni ga tsohuwar waƙar Girkanci da ta fara kawo labarin a cike, wadda ake jingina wa mawaƙinsu Homer. Abin da ya fara ba ni kunya shi ne waƙar yabon Dimita ce, ba ta mai satar ba. Baitocinta sun kusa 500, satar kuma a 'yan baitocin farko take ƙarewa. Sauran duk uwa ce. Kwana tara tana yawo da bakin wuta a hannu, ba ci ba wanka, tana cigiya. Daga baya rana ta shaida mata gaskiya: Ziyus, shugaban abubuwan bautar kuma uban yarinyar, shi ya bayar da ita ga ɗan'uwansa Fuluto, ba da sanin uwar ba. Wannan kam ba sai an yi mana fashin baƙi ba, mun san irinsa. Sai Dimita ta hana ƙasa tsiro shekara guda, yunwa ta kusa ƙare mutane, hadaya ta yanke wa abubuwan bautar. Sai da abin ya taɓa rabonsu sannan Ziyus ya aika a dawo da yarinyar. Amma an riga an ba ta ƙwayar rumman ta ci, don haka dole ta riƙa komawa ƙarƙashin ƙasa kashi ɗaya cikin uku na kowace shekara.

Daga nan na shiga bin sawun waɗanda suka sake ba da labarin, ina duba inda kowa ya tsayar da shi. Ovid, mawaƙin Rumawa, ya kai abin tsibirin Sisili, ya mai da zaman wata shida, ya kuma ce kibiyar so aka harba wa Fuluto. Ka ga an sauke masa rabin laifin ke nan. Rembrandt, wajen 1631, ya zana yarinyar tana yakushin fuskar mutumin, ƙawayenta sun riƙe gefen rigarta karusa na jan su a ƙasa. Rossetti kuwa a 1874 ya kori kowa daga hoton, ya bar ta ita kaɗai cikin duhu da rumman ɗin da aka gutsura a hannu. Ni dai na Rembrandt ya fi kwanta mini, ko da yake bai kai na Bernini ɗaukar ido ba.

Da na koma wa sassaƙar, sai na ga ban ma yi wa Bernini adalci ba. Akwai hawaye a kuncin yarinyar, an sassaƙa su ɗigo-ɗigo. Tafin hannunta na ture fuskar Fuluto har fatar gefen idonsa ta tattare. Mako biyu ina kallon hoton nan ban gan su ba, domin idona ya maƙale a inda ƙarfi yake. Kuma ban taɓa tambayar wanda ya biya kuɗin aikin ba. Babban limamin coci ne, Scipione Borghese, wanda da aka gama ya yi kyautarsa ga wani babban, Ludovisi. Kukan yarinya ne aka mai da tsaraba tsakanin manya, sai a 1908 gwamnatin Italiya ta saye shi ta mayar gidan farko.

Na sake rubuta jingar daga tushe, na samu makin da bai taka kara ya karya ba. A ƙarshen zango aka ce kowa ya zana lokaci ɗaya daga labarin da gawayi. Kusan rabin ajin karusa da dawakai suka zana. Ni na zana mace a bakin hanya a kwana na tara, wutar hannunta ta kusa cinyewa. Ƙafafunta ne suka gagare ni, sau huɗu ina gogewa, har takardar ta huje a daidai diddige. Haka na miƙa ta.