Yadda Na Tattara Tarihin Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello

Da tsofaffin abokan karatunmu mazauna Kaduna suka ɗora mini nauyin haɗa ɗan littafi a kan rayuwar ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello, sai na fara da Arewa House da ke titin Rabah, cibiyar binciken tarihi ta jami'ar da aka kafa a 1970 a gidan Sardauna. A can ban sha wahalar samun tushen labarin ba: an buɗe jami'ar a watan Oktoba na 1962, Norman Alexander ne shugabanta na farko, kuma Farfesa Ishaya Audu ya gaje shi a 1966.

Sai dai takardun hukuma sun fi kula da gine-gine da naɗe-naɗe, ba ruwansu da abin da ɗalibi ya ci ko inda ya kwana. Wannan ne ya sa na koma bin dattawan da suka yi zamani a Samaru da Kongo, harabobin jami'ar a Zariya, har gidajensu, daga Unguwar Rimi zuwa Tudun Wada.

Zanga-zangar 1978, wadda aka nemi Kanar Ahmadu Ali ya sauka daga kujerar kwamishinan ilimi na tarayya, ita ta fi ɗaukar lokacina. A takarda, ƙarin kwabo 50 ne aka yi a kuɗin abinci na yini. Amma wani dattijo, ɗan manomi, ya bayyana mini cewa ga irinsu wannan ƙarin yana nufin barin karatu, kuma sai a lokacin na gane dalilin da ya sa aka fito har aka rasa rayuka. Rikicin Mayu na 1986, zamanin da Farfesa Ango Abdullahi ke shugabancin jami'ar, ya samo asali ne daga jerin gwanon tunawa da waɗancan mamatan, wanda aka ce ya kutsa ɗakin kwanan mata na Amina.

Na lura cewa masu ba da labari kan cakuɗa rikice-rikicen biyu, ba don ƙarya ba, sai don tsawon zamani. Saboda haka duk kwanan watan da aka faɗa mini sai na gwada shi da tsofaffin fitowar jaridar New Nigerian, kuma inda shaidu biyu suka saɓa, na rubuta maganar kowannensu yadda ya faɗe ta. Mata kuwa ba su saki jiki ba sai da na tura ƙanwata ta yi hirar a madadina.