Garin da ya fi ko'ina ruwan sama, amma da rani bin layin ruwa suke yi

Mu nan Zazzau da zarar watan biyar ya kama babu hirar da ta wuce ta hadari, kowa idonsa na gabas, manomi ya gama sharar gona ya kai taki yana jiran ruwan shuka, kuma in ka zauna a majalisa za ka ji ana ta cewa in dai Allah ya ba mu ruwa da yawa shikenan an gama. To wannan maganar ce na ke so mu ɗan tattauna, don akwai wani yanki a duniya da Allah ya ba su ruwan da ya wuce tunani, kuma halin da manomansu ke ciki ya daɗe yana tsaya min a rai.

Sunan wurin Meghalaya, wata jiha ce a arewa maso gabashin Indiya, can saman Bangaladash. Ƙasar tuddai ce da daji, tsaunukan Khasi da Garo da Jaintia, babban birninsu Shillong yana kan tudun da ya kai mita 1,500. A nan ne garuruwan Mawsynram da Cherrapunji suke, waɗanda ake lissafawa a sahun farko wajen yawan ruwan sama a duk duniya. Ruwan da ke sauka a can a shekara ya haura milimita 11,000, mu kuwa nan Zariya abin da ake aunawa a Samaru bai cika wuce 1,000 da ɗan wani abu ba. Kaga kenan daminarsu ɗaya ta kai tamu goma. A Cherrapunji daga watan Agusta na 1860 zuwa Yuli na 1861 an auna sama da milimita 26,000. Cikin watan Yuni na 2022 ma, Mawsynram ta sha ruwan da ya kai milimita 1,000 cikin kwana ɗaya tak, wato duk abin da mu ke samu tun daga ruwan shuka har zuwa kaka, su dare da yini ɗaya ya sauke musu. Allah mai iko.

Dalilin ba wani boyayye ba ne. Iskar damina tana tasowa daga tekun Bengal ɗauke da danshi, ta ratso filin Bangaladash wanda shimfiɗaɗɗe ne babu abin da zai tare ta, sai kwatsam ta ci karo da tsaunukan Khasi a tsaye, dole ta hau sama, tana hawa tana yin sanyi, sai ta juye duk abin da ta ɗauko a gefen kudu na tsaunin. Mu ma fa daminarmu irin wannan iskar ce ke kawo ta, daga tekun Atlantika ta kudu maso yamma, sai dai mu tafiyar da nisa, kafin ta ƙaraso mana ta sauke kaya da yawa a hanya, shi ya sa ko a jihar nan Kafanchan da Kagoro sun fi mu ruwa nesa ba kusa ba.

Shekararsu haka take tafiya. Daga watan uku zuwa na biyar ana samun hadari mai tsawa da iska wani lokaci har da ƙanƙara, sai watan shida zuwa na tara asalin daminar ta sauka, marka ce wadda za a kwana a yini a sake kwana ba a ga rana ba, hazo ya rufe ko'ina, kaya ba sa bushewa, hanyoyi na tsinkewa saboda zaftarewar ƙasa. Manomansu suna saƙa wani abu da gora da ganye su kifa tun daga kai har gadon baya, tamkar kabidon da makiyayanmu ke sawa, don hannu biyu su samu damar aiki cikin ruwan. Watan goma da sha ɗaya ruwa ya janye a yi girbi, daga nan kuma sai sanyi da fari har zuwa watan biyu.

Anan ne abin ya ke ba ni tausayi wallahi. A wannan Cherrapunji ɗin da ake ba da labarin ruwanta, idan rani ya yi mata da yara sai sun yi tafiya suna neman ruwan sha, wasu saye suke. Saboda me? Saboda tudun ya zama fako. An sare dajin tun zamanin kakanni, ana ƙona gawayi don narkar da tama da gasa farar ƙasa, ruwa kuma ya zo da ƙarfinsa ya kankare ƙasar saman ya bar dutse da 'yar ciyawa, to ruwan da ya sauka ba shi da wurin zama, nan take yake gangarawa ta kwazazzabai ya faɗa Bangaladash, ya je ya yi wa mutanen Sylhet ambaliya, mutanen saman kuma a bar su da tulu babu komai. Inda aka bar daji kuwa, kamar kurmin Mawphlang da al'adarsu ta hana a taɓa ko ƙirare ɗaya a ciki, ƙasar tana nan da kaurinta da danshinta.

Ko inda ƙasar ba ta tafi ba, yawan ruwan yana wanke mata ƙarfi ya bar ta da tsami, ka zuba taki yau gobe ya bi ruwa. Shi ya sa nomansu na gado, wanda suke kira jhum, sassabe ne. Cikin rani su sare wani gefen daji a jikin tudu, su bar shi ya bushe, wajen watan uku su cinna wuta, tokar ita ce takin, ruwan farko na sauka su bi da tsinken itace ko wuƙa suna huda rami suna jefa iri ba tare da huɗa ba, don in ka kuskura ka tayar da ƙasa a irin wannan gangaren ruwa ɗaya ya ishe ta. Kuma ba abu ɗaya suke shukawa ba, shinkafar tudu da masara da gero da auduga da barkono da kabewa da gwaza da citta duk a gona ɗaya, kowanne da lokacin nunarsa, ƙasa kullum a rufe. Su ci shekara ɗaya ko biyu su tashi su bar wurin ya koma daji. A da sai wuri ya huta shekara goma sha biyar ko fiye kafin a dawo masa, yanzu jama'a ta yi yawa, wani wurin shekara huɗu ko biyar an dawo, daji bai gama farfaɗowa ba, amfani na raguwa zaizaya na ƙaruwa. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Giwa ko Soba ya san wannan labarin, dattawanmu ma suna barin saura ta huta, yau wa ke da filin da zai bari?

Ni dai ban yarda da masu yi wa irin wannan noman kallon jahilci ba. Mutanen da suka gano cewa ba a barin ƙasa tsirara a gaban ruwa ai sun san abin da suke yi. Dubi yadda suke ban-ruwa da rani a gangaren kudu, inda suke noman ganyen da suke taunawa da wani ƙwallo nasu na tarbar baƙo, kamar goro a wurinmu. Gora suke tsagawa su jona ta daga idon ruwa a saman dutse, ta bi ta kan sanduna ta yi ta rarrabuwa ɗaruruwan mitoci, ruwan da ya shigo da gudu kafin ya isa gindin shuka ya koma ɗigo ɗigo, babu inji babu fetur, kuma sun kai shekara 200 suna yi. Haka gadojinsu na ƙetare rafi, saiwar wata bishiya dangin ɓaure suke ja a hankali su saƙa ta tsawon shekaru har ta kama ɗaya gaɓar, don katako ruɓewa yake a wannan danshin, ita kuwa saiwa kullum ƙara ƙarfi take.

Kuɗinsu kuma daga kayan da ke son danshi da inuwa yake fitowa, lemu da abarba da dankalin turawa a saman tudu inda akwai sanyi, da ciyawar tsintsiya, da kurkum ɗin Lakadong na yankin Jaintia wanda ya yi suna saboda ƙarfin launinsa, sai citta. Cittar nan tana fama da ruɓewa idan ruwa ya kwanta mata, kuma mu ma mun ga irin wannan tashin hankalin a 2023 lokacin da cuta ta shiga gonakin citta a Kachia da Jaba da Kagarko ta tsiyata mutane da yawa, har yau wasu ba su miƙe ba.

Abin da ke damuna shine namu gangaren ba mai tsanani ba ne shi ya sa ba ma lura. Amma ka fita bayan ruwan watan takwas ka kalli Kubanni ko Galma, jan ruwan nan da ke wucewa ai gonakinmu ne ke tafiya. Ka bi hanyar Birnin Gwari ko ta Kaduna ka ƙirga buhunan gawayi a bakin titi. Ga mu da cibiyar binciken noma a Samaru tun 1922, iri mai kyau sun fitar mana ba iyaka, masara kala kala, sai dai iri da buhun taki ba za su zauna a gonar da ƙasarta ke bin ruwa ba, gashi takin ma yanzu sai wane da wane.

A 'yar gonarmu ta gado bana na roƙi Baffa ya bari mu juya kunya ta gitta gangaren maimakon ta bi shi, mu dasa jema da gamba a bakin kwazazzabon da ya fara cin gefen yamma, karan dawa kuma a bar wani a kwance kada a kwashe duka. Da farko cewa ya yi ruwa zai kwanta ya ɓata masara, na ce Baffa a gwada a rabi a gani, ya ce to Allah ya sa albarka. Gawo biyun da ke tsakiyar gonar ma masu gawayi sun zo sun taya, ya ce ba na sayarwa ba ne.