Kujerar Dako a Kan Bishiya: Yadda Na Zaɓi Tawa a Dazukan Ohio

Duk wanda zai yi farautar barewa a gabashin Amurka, ko ba daɗe ko ba jima sai ya hau bishiya. Barewar nan mai farar wutsiya hancinta ya fi idonta kaifi, kunnenta kuma ba ya hutawa. Da kaka daji cike yake da busasshen ganye, duk takun da ka yi ka sanar da ita zuwanka. Shi ya sa yawancin mafarautan nan ba sa bin sawu, dako suke yi. Dako ba baƙon abu ba ne wurin maharban ƙasar Hausa, sun san laɓewa a bakin mashaya tun gari bai waye ba. A nan dai a sama ake yin sa, kamar mita 5 zuwa 6 daga ƙasa, inda iska ke kwashe warin mutum ta wuce da shi ta saman kan dabba, maharbi kuma yana hango abin da ke tahowa tun daga nesa.

A Columbus, babban birnin jihar Ohio, nake zaune, ba ni da gona balle daji, don haka farautata a filayen gwamnati take, galibi a dajin Wayne da ke kudu maso gabashin jihar Ohio. Wannan kaɗai ya rage mini zaɓi. A irin waɗannan filaye an hana kafa mazauni na dindindin, an kuma hana buga ƙusa ko murɗa wani ƙarfe a jikin bishiya. Mai gonar kansa yana iya jingina kujera mai tsani ya bar ta nan har damina ta zagayo. Irina kuwa sai abin da zai goya ya shiga da shi, ya kuma goyo ya fito. Ga shi filin na kowa ne: wurin da ka gani jiya kana murna, yau kana iya tarar da motar wani a bakin hanyarsa, dole ka canja. Kujera mai hawa da kanta ita ta dace da wannan hali.

Kashi biyu ce. Na sama shi ne mazauni, na ƙasa kuma mataki, wato inda ƙafa ke tsayawa. Kowane ɗaya yana da haƙoran ƙarfe da ke cizon bishiya ta gaba, da kebur ko bel mai kauri da ke zagaye ta ta baya. Nauyinka ne ke kulle ta: da zarar ka danna, haƙora su nutse cikin ɓawo, kebur ya ɗaure. In za ka hau, ka soka ƙafafu cikin maɗaurin mataki, ka ɗaga mazauni sama ka kafa shi, ka dogara a kansa, ka naɗe gwiwa ka jawo matakin da ƙafafunka, ka sake dannawa ka miƙe. Haka za ka yi ta yi, kaɗan-kaɗan, har ka kai inda kake so. Wanda ya taɓa ganin masu hawan kwakwar manja a kudancin Kaduna, da igiyarsu zagaye da ƙugu da bishiya, ya riga ya gane dabarar.

Da na ƙudurta saye, sai na tuntuɓi wani dattijo abokin aikina, mutumin yankin Athens na kudu maso gabashin Ohio da ya tashi cikin farauta tun yana yaro. Na zo masa da sunayen kamfanoni da farashi a waya. Ko kallon wayar bai yi ba. Ya ce, "Ajiye wannan tukuna. Je ka dajin da za ka yi farautar ka dubo mini bishiyoyinsa, sannan mu yi maganar kanti." Duk abin da na koya daga baya a kan wannan magana tasa ya ginu, domin kujerar nan ba kowace bishiya take hawa ba. Tana bukatar miƙaƙƙiya, mai rai, wadda ba ta da reshe tun daga gindi har inda za ka zauna, kuma kaurinta ya faɗa cikin abin da keburin zai iya zagayewa. Yawancin waɗanda na duba daga inci 8 zuwa 20 suke ɗauka, wato kamar santimita 20 zuwa 50 in an auna faɗin gangar.

Sai na samo igiya na yi mata ƙulli biyu, ɗaya a inci 25, ɗaya a inci 63, domin wannan shi ne kewayen ƙaramar bishiya da babbar da kujerar za ta karɓa. A watan Agusta, kafin a buɗe farauta, na riƙa bin kwari da tudu da igiyar a aljihu. Inda duk na ga alamar barewa, ko kashinta, ko 'yar hanyar da suka tattake, ko ƙaramar bishiyar da namiji ya goge da ƙaho a bara, sai in tsaya in juya in ga wace bishiya zan iya hawa wadda kibiya za ta kai wurin daga kanta. Nan na gane cewa samun wurin barewa daban, samun bishiyar hawa a wurin daban.

Ɓawo ma abin dubawa ne, kuma hannu ne ke gaya maka, ba ido kaɗai ba. Bishiyar da suke kira fofla ita ce abokiyar mai wannan kujera: ta miƙe sambal, rassanta can sama, ɓawonta yana karɓar haƙori. Bishiyar da suke kira ok ma haka, ga shi 'ya'yanta ne abincin da barewa ta fi so da kaka, musamman na farar ok da ba su da ɗaci sosai. Amma akwai hikori mai ɓawo yage-yage, wanda ke ɓarewa da ƙara duk motsin da ka yi, haƙori ya ciji abin da bai manne da jikin itacen ba. Akwai bich da sikamo masu sulɓi, in ruwa ya taɓa su ko sanyi ya daskarar da su, ba na ko kusantar su. Fain tana da taushi, tana riƙo da kyau, sai dai ƙaronta ya ɓata maka kebur da safar hannu. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce ash. Wani ƙwaro ɗan asalin Asiya da aka fara ganowa a Michigan a 2002, ya shigo Ohio a 2003, ya kashe su da yawan gaske. Matacciyar ash tana tsaye miƙe tamkar lafiyayya, kuma da ganye ya zube a watan Nuwamba, cikin duhun asuba, ba ka bambanta ta da mai rai. Saboda ita nake zaɓen bishiyata da rana tsaka, tun ganye yana kore, in sa mata alama a taswirar waya.

Da na koma wa dattijon da labarin cewa tuddan da nake so cike suke da fofla da ok, sai ya ce to yanzu a yi maganar nauyi. Kudu maso gabashin Ohio ba shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ce, hawa ne da gangara, kuma a filin gwamnati wanda ya fi nisa da titi shi ya fi ganin nama. Kujerar baƙin ƙarfe ta fi araha, amma tana kusan kilo 13. Ta alminiyam kamar kilo 9 ce ko ƙasa da haka. A cikin kanti wannan bambanci ba komai ba ne. A kan tudu, da jaka da ruwan sha da kayan sanyi da makami, shi ne tsakanin ka isa da sauran numfashi da kuma ka isa jiƙe sharkaf. Gumi kuwa illa biyu gare shi: barewa ta shinshino ka, sannan da ka zauna sanyi ya bi ta jiƙaƙƙiyar riga ya shige ka. Na roƙi mai kanti ya bar ni in goya kowace ɗaya in zagaya da ita, in sunkuya, in juya. Wata tana naɗewa ta kwanta lif a baya, wata tana tsayawa da faɗi ta riƙa kamo reshe. Wannan ba a ganin sa a hoto.

Sai batun gaba, a rufe ko a buɗe. Mai rufaffen gaba tana da sanda da ta kewaye ka. A kanta kake zama lokacin hawa, cinyoyi ne ke yin aikin, kuma in ka kai sama ta zama abin ɗora bindiga. Summit Viper SD misali ce ta wannan iri, tana kusan kilo 9, tana ɗaukar kilo 136. Mai buɗaɗɗen gaba, irin ta hannu da Lone Wolf ya yi suna da ita, ta fi sauƙin nauyi da kwanciya a baya, kuma masu baka sun fi son ta domin babu sandar da ƙasan baka zai buga lokacin sakin kibiya. Amma da ƙarfin damtse da ciki ake hawa da ita. Na gwada duka biyun a kan gungumen da suka kafa a kantin. Shekaruna sun ja, kuma na san dakon Nuwamba na wuni ne, don haka na ɗauki mai sanda da faffaɗan mazauni. A ganina jin daɗin zama ba shagwaɓa ba ne a wannan harka. Wanda ƙugunsa ya ƙage zai yi ta mutsu-mutsu, mai mutsu-mutsu kuma wutsiyar barewa kawai zai gani tana tafiya. In na fita da baka, nakan sauke mazaunin ƙasa kaɗan in yi harbi a tsaye, sandar ba ta tare ni.

Adadin nauyin da aka rubuta a jikin kujera ba na jikinka kaɗai ba ne, har da takalmi da tufafi da jaka da makami. Na sa kayan sanyina duka na hau sikeli kafin in yanke shawara. Mai jiki sosai akwai masu ɗaukar kilo 159. Ƙara kuma na gwada ta da ɗan makulli, na ƙwanƙwasa bututun kowace ɗaya. Wadda aka cika cikinta da soso sautinta a mace yake, wadda ba a cika ba tana amsawa kamar ƙararrawa. Duk inda ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe a tawa na naɗe shi da tef mai laushi.

Abin da ba na sassautawa a kai shi ne ɗamarar tsaro. Mutane suna ɗauka bindiga ce babban haɗarin farauta. Likitocin Jami'ar Jihar Ohio sun bi bayanan mafarautan da aka kawo musu da rauni, suka wallafa a 2010 cewa rabinsu faɗuwa suka yi, kusan dukkansu daga kan bishiya, waɗanda harsashi ya samu kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Faɗuwa daga mita 6 karayar ƙashin baya ce, wani ba ya sake takawa. Tun 2004 kamfanonin da ke cikin ƙungiyar masu ƙera waɗannan kujeru suke haɗa kowace ɗaya da ɗamara mai riƙe kafaɗu da ƙirji da cinyoyi. Tsohon bel na ƙugu kaɗai an daina yarda da shi, domin yana iya kifar da mutum ko ya shaƙe shi. Ina ɗaura igiyar ɗamarar a bishiya tun ƙafata tana ƙasa, ina tura ta sama da kowane taku, ba na kwance ta sai na sauko. Yawancin faɗuwa wajen hawa da sauka ake yin ta, ba a zaune ba.

Akwai wata 'yar igiya da ke haɗa mazauni da mataki, wadda sabon shiga zai iya rainawa. In matakin ya suɓuce daga ƙafarka ba tare da ita ba, zai zame har gindin bishiya ya bar ka a rataye. Ratayuwa cikin ɗamara ma ba wurin hutawa ba ne, jini yana taruwa a ƙafafu, shi ya sa ake ajiye wani maɗauri a aljihun gaba da mutum zai taka ya miƙe a kai. Bindiga ko baka ba a hawa da su a jiki, a ƙasa ake barin su ɗaure da doguwar igiya, bindiga babu harsashi, sai an zauna a jawo. Tsohuwar kujera kuma, wadda wani ya riga ya yi amfani da ita ake sayarwa da arha a intanet, na duba wasu na bar su. Ba ka san shekara nawa keburin ya yi a rana da ruwa ba, ɗamarar ma tana da wa'adi, galibi shekara 5.

Kafin in kai ta daji na yi ta gwaji da rana a kan bishiya ɗaya, ban wuce tsayin mutum ba, dattijon yana tsaye a ƙasa. A nan ya nuna mini abin da takarda ba ta iya koyarwa sosai. Bishiya tana sirancewa yayin da ake hawa, don haka a gindi sai ka ɗaure matakin bakinsa ya ɗan ɗaga sama, ta yadda in ka kai inda za ka zauna zai daidaita. In ka fara da shi a daidai, can sama zai sunkuya, ka wuni kana zamewa gaba. Ba a kuma gyara kebur a sama. In bai yi ba, ka sauko ka sake.

A Ohio ana buɗe farautar baka a ƙarshen Satumba har farkon Fabrairu, ta bindiga kuma mako guda ce bayan bikin godiya na Amurkawa (Thanksgiving) na ƙarshen Nuwamba, lokacin da dole kowa ya sa riga ruwan lemo mai haske. An yarda a fara harbi minti 30 kafin fitowar rana. Nakan yi sallar asuba a gefen mota da zarar alfijir ya keto, in goya kujera in shiga. A makonnin farko na Nuwamba, lokacin barbara, maza suna yawo ido rufe suna neman mata, kuma a irin wannan safiya na samu na farko. Ya biyo hanyar da na gani tun Agusta, kansa a ƙasa, ko sau ɗaya bai ɗaga ido ba. Na yi bisimilla na saki kibiya. Uwargida ta raba naman gida-gida cikin 'yan uwa da muke salla tare, wasunsu rabonsu da naman daji tun suna gida.

Inda kujerar ba ta yi mini aiki shi ne yammacin jihar, ƙasar gonakin masara da waken soya. Akwai barewa a can, amma bishiyoyin kan iyakar gona gajeru ne, karkatattu, rassa tun daga gwiwa. In wani manomi ya ba ni izinin shiga, a mota nake barin ta, in nemi kurmi in zauna a ƙasa iska tana bugun fuskata. Ina tara kuɗin irin wadda ake ratayawa da ƙananan matakai masu ɗauri, wadda ba ruwanta da reshe ko karkata, saboda waɗannan gonaki.