Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Ranar da noti ya ɓace min a cikin katako

Assalamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya na tsaya ne a inda na bar aikin wanke-wanke na koma wajen dattijon nan mai ƙera allon zamiya a bayan garin Innsbruck, a ƙasar Austriya. Wasu sun tambaya wai me ya haɗa ɗan kafinta daga Na'ibawa da wasan zamiya a dusar ƙanƙara. Katako ne ya haɗa mu, ba komai ba. Garin nan sau biyu ya karɓi gasar Olamfik ta hunturu, 1964 da 1976, amma ni har yau ban hau allon nan na gangaro dutse ba, yinsa kawai nake.

A garejin gidansa muke aikin, da hannu. Zuciyar allon katako ce, sai a rufe ta sama da ƙasa da zaren gilashi da gam mai ƙarfi, a sa ƙarfe a gefe, a sa robar sulɓi a ƙasa, sannan a tura cikin injin matsa wanda shi ya haɗa abinsa da tiyon 'yan kwana-kwana, a hura iska a sa zafi. To kafin duk wannan, akwai ƙananan noti masu zare a ciki da ake binnewa a katakon, su ne za su riƙe maɗaurin takalmi, sukurun milimita 6 ke shiga cikinsu. Idan allo ya fito daga injin ba ka ganin ko ɗaya, rufin sama ya shafe su tas. Sai ka nemo su ka huda daidai a kansu, ka kuskure da milimita 2 ka ci zaren notin.

Baba, Allah ya jiƙansa, yana da wata magana da ya riƙa faɗa min tun ina riƙe masa gudumarsa, yace abin da ka binne da hannunka ka san inda ka binne shi. Lokacin ina jin haushin maganar ne kawai, don kullum a kan ƙusa yake faɗa, wadda aka bari a cikin katako ta karya masa zarto.

Allon da ya jawo maganar yau na wani likita ne, baƙi wuluk, noti 16, takwas kowace ƙafa, santimita 4 tsakani. Ni na binne su, ni na auna daga layin tsakiya na rubuta a kwali. Washegari na ɗora kwalin na huda ramin farko, wlh sai na ji bakin injin hudawa ya kankari ƙarfe ta gefe. Na biyu ma haka. Gumi ya keto min cikin wannan sanyin.

Akwai wani yaro da muke aiki tare, ba zan kama sunansa ba, nan take yace ai ban iya awo ba, a gaban mutane. Ni da tun ina shekara 9 nake riƙe tef! Wannan maganar har yau tana min ciwo fiye da allon da ya lalace. Shi ne fa ranar ya rufe injin matsa kuma bai kafe katakon ba, gam kafin ya bushe santsi gare shi kamar miyar kuɓewa, da iska ta matsa sai zuciyar ta zame gaba da notin duka. Awona daidai ne, katakon ne ya tashi daga wurinsa. Ya sani, ya yi shiru. Bayan shekaru da ya buɗe nasa wurin ya aiko yana neman in zo in taya shi, Yaya ma a waya yace in je tunda kuɗin sun fi, ban je ba.

Dattijon bai ce uffan ba sai da yamma. Ya ɗauko noti ɗaya ya kai masa mayen ƙarfe, bai kama ba, don irin ƙarfen nan ne da ba ya tsatsa. Sai ya ciro wasu daga aljihun tebur masu 'yar hula a baki wadda mayen ƙarfe ke kamawa, yace da ma tsada ta sa ya ajiye su. Hular tana hana gam cika ramin, kuma ita ce alama. Allo na gaba da ya fito ya barbaɗa garin ƙarfe a kai ya ɗan bubbuga, ina kallo garin ya taru ƙulu-ƙulu guri 16 reras. Ya miƙo min injin hudawa yace, ɗana, fara da siririn baki, in ka ga hula sai ka faɗaɗa. Na tuna Baba a take, abin da ka binne da hannunka, sai da na fita waje na share hawaye.

Tun daga ranar ba na rufe injin sai na kafe katakon da kaina, kuma ko da hula sai na haɗa da kwalin awona. Allon likitan kuwa daga albashina aka cire kuɗin kayan, ban faɗa wa Inna ba, watan nan rabin abin da na saba na aika gida. Yana nan jingine a ɗakina da ramukansa biyu. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin zuwana gida da rasuwar Baba.