Mai alewar da ya juya wa kokawa baya

Ranar Juma'a farfesa ya maido mini da rahoton gwajin kankare da na kwashe mako uku ina haɗawa. Ko jan biro bai sa ba. Tambaya ɗaya ya yi mini: "Ina kake so in duba?" Shafi 14 ne, na cusa jadawali da hotuna har babu masakar tsinke. Na kwana raina a ɓace, don a ganina cikar shafi ita ce shaidar an yi aiki.

Washegari Asabar abokin karatuna, ɗan Koriya, ya ja ni zuwa Gidan Tarihi na Ƙasa da ke unguwar Yongsan a Seoul. Muka sauka daga jirgin ƙasa a tashar Ichon. Shiga kyauta ne, shi ya sa ban yi gardama ba.

Ɗakin zane-zanen duhu-duhu ne da gangan, saboda haske yana cin tawada da takardar hanji, wadda ake yi da ɓawon itace. Don haka ba a barin zane ɗaya ya daɗe a waje, juya su ake yi. Muka taki sa'a an fito da wasu shafuka daga kundin Kim Hong-do, mai zanen fadar Joseon, tsohuwar daular Koriya, wanda aka haifa a 1745, ya kuma yi aiki a zamanin Sarki Jeongjo. Kundin shafi 25 ne, duk harkar talakawa: maƙera, mata masu wanki a bakin rafi, masu sussuka. Na makaranta ya ba ni dariya. Yaro na share hawaye a gaban malam, tsumagiya na gefe, sauran yara suna ƙunshe dariya. Sai ka rantse makarantar allo ce.

Amma wanda ya tsayar da ni shi ne na kokawa, wadda suke kira ssireum. Girmansa kusan takardar A4. 'Yan kokawa biyu a tsakiya, ɗaya ya ɗaga ɗan'uwansa, saura ƙiris ya kai shi ƙasa. 'Yan kallo sun yi zobe, wani ya cire hula ya ajiye, wani ya kare fuska da mafici, takalman 'yan wasan na gefe. Mutum biyu a ƙasa ta dama sun ja da baya, baki buɗe, kuma daga su kaɗai za ka gane ta inda za a yi kayen. Ɗayansu ma an juya masa hannu, na dama a gurbin na hagu. Abokina ya ce har yau ana musu ko kuskure ne ko tsokana.

Na daɗe a tsaye kafin na lura babu ƙasa a zanen. Babu bishiya, babu gida, babu gajimare. Takarda ce fayau da mutane a kai, amma ina jin ƙurar filin kamar ina dandali bayan girbi. Abokina ya ce sunan wannan filin da ake bari yeobaek. Mai zanen ya san inda yake so idona ya sauka, sai ya kwashe duk abin da zai tare hanya. A nan tambayar farfesa ta dawo mini, na ji kunya ni kaɗai.

Akwai kuma yaro mai tallar alewa, da faranti rataye a wuya, ya juya wa kokawar baya. Kowa na kallon tsakiya, shi ciniki ne a gabansa. Da ni ne da zanen, shi zan fara cirewa, alhali shi ne ya sa na yarda taron na gaske ne.

Ranar Lahadi na zauna na rage rahoton ya koma shafi 6. Jadawalin da na fi ji da shi, wanda ya ci mini dare biyu, shi ya fara tafiya. Amma akwai samfuri ɗaya da ƙarfinsa ya ƙi bin sauran, wanda da farko na binne shi a shafi na 11 don kada a gani. Na ɗauko shi na ba shi shafinsa shi kaɗai. Ranar Litinin farfesa ya wuce shafi biyar da sauri, ya tsaya a kan shafin samfurin, ya jawo kujera ya ce in zauna.