Ga masu tsaron kemis: ku yi tambaya kafin ku miƙa ƙwaya

Ƙannena da kuka fara tsayawa bayan kanta, akwai mai sayen da ba a ba ku labarinsa a makarantar kiwon lafiya ba. An haife ta namiji, amma mace take ganin kanta, kuma jikin da take ciki yana damunta dare da rana. Wasu irinta suna zaune cikin 'yan daudu, sai dai ba kowane ɗan daudu ne yake jin haka ba, da yawa ba su da wata rigima da jikinsu.

Lokacin da nake kemis akwai wata irinta da take zuwa bayan magariba ta sayi ƙwayar tazarar haihuwa, fakiti biyu ko uku a tashi ɗaya. Na san ba ciki take gudu ba, so take jikinta ya koma irin na mace. Ina karɓar kuɗi in miƙa, in ta juya baya mu yi ta dariya da abokiyar aikina. Ban taɓa tambayarta guda nawa take sha ba, ban tambaye ta ko tana shan taba ba, alhali ina jin warinta a jikinta. Rannan ƙafarta ɗaya ta kumbura ta ɗau zafi, a asibiti aka ce jini ne ya daskare a jijiya. Allah ya yi da sauran kwana. Amma da hannuna na ba ta abin, kuma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Yawancin waɗannan ƙwayoyi suna ɗauke da sinadarin etinil-estradiyol, wanda aka haɗa don ya yi aiki irin na sinadarin jikin mata. Likitocin da ke kula da irin waɗannan mutane a ƙasashen waje sun daina ba su shi, saboda yadda yake daskarar da jini. Gudan jinin kan taso daga ƙafa ya toshe huhu, kuma taba tana ƙara haɗarin. Ninka ƙwaya ba ya gaggauta komai: ko a hannun likita, ƙirji sai bayan wata 3 zuwa 6 yake fara tasowa, ya ɗauki shekara 2 zuwa 3 kafin ya tsaya.

Da na je duba ta ne na ji abin da ya kamata in ji tun farko. Ba ƙirji ne babbar damuwarta ba. Gemu ne, da murya. Ta ce madubi ba ya tayar mata da hankali kamar ta ɗaga waya a ce mata "Malam". Wannan sinadari kuwa ba ya sirantar da muryar da ta riga ta buɗe, ba ya kawar da gemu, sai dai ya rage masa ƙarfi, ba ya taɓa ƙashi. Ashe ranta ta sa a kan abin da ba zai ba ta abin da take nema ba. Da na zauna da ita minti biyar, da na gaya mata. Kada ku ɗauka duk buri ɗaya gare su. Wata tiyata take mafarki, wata ba ta son wuƙa ta kusance ta, wata fuskarta kawai take so ta yi laushi don ta wuce kasuwa ba a bi ta da ihu ba.

Ku kula da allura kuma. A Brazil an daɗe ana ɗura wa irinsu silikon na masana'antu a ɗakunan bayan gida don cika mazaunai, ya riƙa zamewa zuwa ƙafa, ya ruɓar da nama, wani ya shiga jini ya kashe, ga shi cire shi duka da wuya. A 2017 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa. Yanzu ana tallar allurar ƙarin mazaunai a wayoyinmu, ga maganin ƙiba "sha ka fashe" da ke kumbura fuska ya jawo hawan jini da ciwon suga. 'Yan matan unguwa ma suna faɗawa.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire halin wanda jinsin da yake ji a ransa ya saɓa da jikinsa daga jerin cututtukan taɓin hankali. A nan gida kuwa, tun dokar hana auren jinsi ta 2014 tsoro ya ƙaru, har wasu suna gudun asibiti ko da zazzaɓi ne. Shi ya sa kantarku ce kaɗai wurin da za su ji gaskiya. Kuna da aƙidarku, ni ma ina da tawa, ba wanda ya ce ku sauya. Amma rai aka ba ku amana.

Kada ku sayar ba takardar likita, kuma kada ku kore ta da tsawa, don gaba za ta yi wurin wanda ba zai tambaya ba. Ku sassauta murya, ku bari layi ya ragu, ku tambayi me take sha, tun yaushe, da me take so ya canja. Ku gaya mata maganin yana iya hana ta haihuwa har abada. Ku riƙe sirrinta. In ta ce ƙafa ɗaya ta kumbura, ko ƙirji na suka, ko numfashi na sarƙewa, kada ku ba ta maganin ciwo ta tafi gida. Ku tare mata adaidaita, asibiti a daren nan.