Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Musun Gareji

A makon jiya na tsaya a inda Kawu ya samo mini aiki a wani garejin ajiye motoci a unguwar Bronx ta birnin New York, kusa da titin River Avenue, inda jirgin ƙasa mai lamba 4 ke bi ta saman kawunanmu yana girgiza gilashin ɗan akurkin da muke karɓar kuɗi. Daga ƙofar garejin, in ka miƙa wuya, kana hango filin wasan Yankees, ƙungiyar wasan besbol. Na kama aiki a watan Afrilun 2013, daidai lokacin da kakar besbol ke buɗewa. Kawu bai yi mini dogon wa'azi ba. Cewa ya yi: "Ɗana, ka riƙe makullin mutane, ka riƙe sallarka, ka riƙe bakinka." Biyun farko na yi ƙoƙarin riƙe su. Na ukun ne ya gagare ni, kuma besbol ne sanadi.

Da farko wasan bai burge ni ba ko kaɗan. Mutum ɗaya ya jefo ƙwallo, wani ya kai mata duka da kulki, in ya samu ya yar da kulkin ya ruga, sauran kuma suna tsaye suna tauna cingam. Awa uku ana abu ɗaya. A raina na ce ai langa ta fi wannan armashi. Amma in kana zaune da mutanen da ba su da wata hira sai ita, ko ba ka so kunnenka zai ɗauka.

Su uku ne. Akwai manajanmu, wani tsoho Ba'italiye ɗan wajen Arthur Avenue, ya haura saba'in, kullum da hular Yankees da ta koɗe. Akwai abokin aikina, ɗan ƙasar Dominika, wanda kowa a wurinsa "primo" ne, wato ɗan uwa. Sai wani dattijo baƙar fata da ya yi ritaya daga aikin gidan waya. Shi ba ma'aikacinmu ba ne, ko mota ba ya ajiyewa, zuwa kawai yake da 'yar rediyonsa ya zauna a kan kujerar roba. Da zarar motoci sun gama shiga, an fara wasa, gari ya yi tsit, sai a ɗauko musun: wane ne gwanin gwanaye a tarihin Yankees?

Ƙungiyar da ta ci World Series, babban kofin besbol, sau 27 ba ta rasa gwanaye ba, shi ya sa musun ba ya mutuwa. Rigarsu ma ba a rubuta suna a bayanta, lamba ce kawai, kuma mutanen nan da lamba suke magana kamar masu lissafin gado. Tsoho zai ce lamba 3, kowa ya san Babe Ruth yake nufi. Ƙungiyar Boston ta sayar da shi ga Yankees, ya fara buga musu a 1920, a shekarar nan kaɗai ya doka ƙwallo ta tsallake katanga sau 54, fiye da abin da kowace ɗaya daga sauran ƙungiyoyin rukuninsu ta tara gaba ɗayanta. A 1927 ya kai 60, ya gama rayuwar wasansa da 714. Boston kuwa daga 1918 ba ta sake ganin kofi ba sai 2004, kuma tsoho ba ya kai wannan wuri sai ya yi dariya har da tari.

To amma shi kansa tsohon ba Ruth ne a zuciyarsa ba. Ruth na baki ne, na kafa hujja. In hira ta yi nisa sai ya koma kan lamba 5, Joe DiMaggio, ɗan masunci Ba'italiye, wanda a 1941 ya jera wasa 56 ba wanda bai samu bugu mai kyau a ciki ba, kuma har yau ba a kamo shi ba. Na daɗe kafin in gane cewa tsoho bai taɓa ganin wannan da idonsa ba, a lokacin yana goye. Mahaifinsa ne ya ba shi labari. Wanda ya gani da ido shi ne Mickey Mantle, lamba 7, mai bugu da hagu da dama, da ƙafafu duk ciwo. Amma ko sau ɗaya ban ji ya ɗora Mantle a kan DiMaggio ba. Ina jin gani yake kamar rashin ladabi ne ga uba.

Dattijon gidan waya ba ya ɗaga murya. Sai kowa ya gama kumfar baki, sannan ya rage ƙarar rediyo ya tambaya: Ruth ɗin nan, da wa ya kara? A duk zamanin wasansa, babu baƙar fata ko ɗaya da aka bari ya taka filin babbar gasa. Sai a 1947 Jackie Robinson ya shiga, shi ma a ƙungiyar Brooklyn Dodgers, can wata unguwa. Yankees ba su saka baƙar fata a fili ba sai 1955, da Elston Howard. Yakan ce mutumin da ya yi kokawa da rabin gari, ba a ce masa sarkin kokawar gari. Tsoho ya tsani wannan magana domin ba shi da amsarta, sai ya tsallake zuwa Yogi Berra da ya ci kofin sau goma, ko Lou Gehrig da ya buga wasa 2,130 a jere ba fashi har cuta ta kayar da shi, ya rasu a 1941 yana da shekara 37. A kan Gehrig kaɗai na taɓa ganin su ukun sun yi shiru tare.

Primo kuwa ba ruwansa da matattu. Shi na yanzu yake so: Derek Jeter, kyaftin, lamba 2, ko kuma Alex Rodriguez, don asalinsa Dominika ne. A watan Agustan 2013 maganar ƙwayoyin ƙara kuzari ta yi tsanani a kan Rodriguez, wadda daga baya ta sa aka dakatar da shi kakar 2014 baki ɗaya. Tun daga ranar, in aka ambaci sunansa sai primo ya tuna akwai motar da ke bukatar a matsar da ita.

Ni dai ina gefe ina jin su, abin yana tuna mini zauren gidanmu, inda Baba da abokansa ke raba dare a kan Shago da Ɗandunawa. Kowa da ɗan dambensa, kowa da ranar da yake kafa hujja da ita, kuma ban taɓa ganin wanda ya tashi daga tabarmar nan ya sauya ra'ayi ba.

Wata rana da la'asar, na idar da salla a bayan akurki ina naɗe darduma, sai tsoho ya juyo ya ce: "Yaro, wata biyar kana cin abinci da Yankees. Kai wa ka zaɓa?"

Ban yi shawara da kowa ba na ce Mariano Rivera.

Primo ya buga tsalle. Tsoho ya cire hula ya dafe kai. Ya ce yaro, mutumin da ba ya fitowa sai zagaye na tara, wato na ƙarshe, ya jefa ƙwallo goma sha wani abu ya koma, shi za ka haɗa da masu tsayuwa tun farkon wasa? Da guntun Turancina na ce masa a garinmu ba a tambayar awa nawa mai kashe gobara ya yi, ana tambaya ne ko gidan ya tsira. Rivera aikinsa rufe wasa: ƙungiyarsa na gaba da ɗan rinjaye, sai a kira shi ya tsare. Ya yi haka sau 652, ba wanda ya kai shi. Abin da ya fi kama ni, kusan jifa iri ɗaya yake yi, wadda ke zuwa kamar miƙaƙƙiya sai ta karkace dab da kulki. Mai bugu ya san ita ce za ta zo, 'yan kallo sun sani, ni da ke gareji na sani, amma kulki sai ya tsage. Ɗan damben da zai nuna maka hannun da zai kashe ka da shi, kuma ya kashe ka da shi, ai ba ƙaramin ɗan dambe ba ne.

Akwai kuma abin da ban iya faɗa musu da Turanci ba. Ɗan masunci ne daga wani ƙauyen bakin teku a Panama, Puerto Caimito. Yana yaro da kwali suke yin safar cafke ƙwallo, ƙwallon kuma tsohuwar komar kamun kifi ce a dunƙule. Duk wanda ya taɓa buga ƙwallon tsumma a lungu ya san wannan yaro. Ya zo Amurka ba ya jin Turanci, kamar ni.

Dattijon gidan waya ne ya raba gardamar ranar. Ya ce lambar Rivera 42 ce, lambar Jackie Robinson, wadda aka jingine a dukkan ƙungiyoyi a 1997, aka bar masu sanye da ita su ƙarasa, kuma Rivera ne na ƙarshe. Ya ce don haka shi ba zai yi musu da yaron nan ba. Tsoho ya ce an haɗe masa kai. A 2019, da aka zaɓi Rivera shiga gidan tarihin gwanayen besbol ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ta kauce masa ba, abin da ko Ruth bai samu ba, na kira tsoho a waya. Ya ce masu ƙuri'ar duk yara ne, ya kashe.

Ranar 26 ga Satumba 2013 Rivera ya yi wasansa na ƙarshe a filin Bronx. Mun taru a akurki gaban wata 'yar talabijin. A zagaye na tara, maimakon koci, sai Jeter da Andy Pettitte, abokan tafiyarsa tun suna samari, suka taka zuwa tsakiyar fili don su karɓi ƙwallo a hannunsa. Mutumin da ban taɓa ganin fuskarsa ta motsa ba ya kifa kai a kafaɗar Pettitte yana kuka kamar yaro. Ihun filin muna jin sa ta ƙofa kafin ya iso ta talabijin. Na waiga sai na ga tsoho yana goge ido da hular nan tasa. Ya ce ƙurar jirgi ce.

An cinye Yankees 4 da nema a daren, amma ba wanda ya damu. Jama'a suka ɓarko gaba ɗaya, kowa na neman motarsa, ni kuma hankalina yana can fili. A cikin wannan turmutsitsin ne na miƙa wa wani mutum makullin motar da ba tasa ba, shi ma bai duba ba ya shiga ya ja. Sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi mai motar na gaskiya ya iso, da matarsa da 'ya'ya biyu, ya miƙo mini tikiti. Na duba allon makullai, ƙugiyar babu komai.

Yadda muka kwana a daren, da abin da Kawu ya ce da aka tashe shi daga barci, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.